Ba sikirin ne ya gaza ba, ɗigon ne ba a lissafa ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, na san maganar tawa zata ɗan ja tsawo amma a yi min haƙuri, abin ne ya daɗe yana cina a rai.

Kwanakin baya naga hirar da kuka yi da wani matashi mai haɗa zane a waya, yaron kirki da alama, Allah ya ƙara masa basira, amma ya faɗi wata magana da ta hana ni sakat, wai mu masu buga riga da sikirin zamani ya wuce mu, wai da zarar ka kawo mana zane mai launin da yake dusashewa a hankali, irin wanda su suke cewa giradiyen mu kuma a shago shedin muke ce masa, to sai mun ɓata maka riga, don haka kowa ya tattara ya koma DTF, wato injin da ke buga zane a fim a manna wa riga da zafi. Ni shekara 17 kenan ina jan roba, wato robar da ake jan inki da ita a kan sikirin, a nan Kano, daga rigunan 'yan makaranta zuwa jakunkunan rabon biki da na walimar sauka, kuma ba zan yi musu ba ana ɓata shedin, ni kaina na ɓata kuma zan bada labarin. Amma ba sikirin ne ya gaza ba. Akwai wani aiki guda ɗaya tsakanin zanen da ke cikin waya da katakon da ke shago, mai zane yana ganin na mai bugu ne, mai bugu yana ganin na mai zane ne, sai a wayi gari babu wanda ya yi shi, shine farfasa shedin ɗin ya koma ɗige-ɗige daidai da rariyar da za a buga da ita.

Rariya nace, don sikirin ba komai bane illa rariya. Yadi ne mai ƙananan ramuka aka ɗaure a jikin katako aka shafe shi da magani, aka ɗora zane aka nuna wa haske, inda haske ya taɓa maganin ya daskare ya toshe rami, inda baƙin zane ya kare ruwa ya wanke ya barshi a buɗe. In ka ja roba inki ya bi ta buɗaɗɗen rami ya sauka a riga. Shikenan. Rami ko a buɗe yake ko a toshe, babu ramin da zai ce shi rabin ja zai bari ya wuce. Ita kuwa waya da haske take yin launi, ja kaɗai tana da mataki 256 daga babu zuwa cikakke, haka kore haka shuɗi, shi yasa yaro zai ja yatsa sau ɗaya a PixelLab ko Canva yaga ja ya narke ya koma ruwan ɗorawa sumul kamar an shafa mai, ya ɗauka ai haka zai fito a ƙirjin mutum. Ni kuma gwangwani ɗaya ne a gabana, jan da ke ciki ja ne, bai san wani mataki ba.

To ya ake yi? Dabarar zabuwa ake yi. Ka hango zabi suna kiwo a bayan gari zaka rantse toka-toka ne, amma ka ɗauki guda a hannu ka duba gashinta, duhu ne da ɗigo-ɗigon fari, idonka ne ya dama su tun daga nesa ya baka toka. Haka shedin yake a sikirin, ana farfasa shi ya zama ɗigo a jere a layi, inda ake son launi yayi kauri ɗigon yayi ɓul-ɓul har ya haɗe da maƙwabcinsa, inda ake son ya dusashe yayi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Jerin baya canzawa, girman ɗigon ne kawai yake canzawa. Shine haftun a bakin masu ɗab'i.

Kuma Malam Edita ba sai na kai ka nesa ba, ka ɗauki jaridar takarda ka ɗora kyamarar waya a kan fuskar duk wanda ke shafin farko ka zuƙo, zaka ga babu fuska sai ɗigo, don injin buga jarida ma ciwonmu ɗaya da shi, ko inki ko babu. Abin ya tsufa. Tun 1852 wani ɗan Ingila mai suna Fox Talbot ya kawo dabarar a sa siririn yadi mai raga ya farfasa hoto, kaga ashe da yadi ma aka fara, sannan a 1880 jaridar Daily Graphic ta New York ta buga hoto ta wannan hanya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo a cikin adaka, jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, muna yara in muka kawo hoton kusa da ido sai muga mutum ya watse ya zama tsaba, mu matsar da shi ya dawo mutum, muyi ta dariya, ban san abin da zan ci abinci da shi nake kallo ba. Bambancin kawai, jarida tana jera ɗigonta wajen layi 85 a inci ɗaya, mujalla mai sheƙi wajen 150, riga kuwa galibi daga 35 zuwa 55 ake yi mata. Wannan bambancin ne ya ci min kuɗi.

Wajen shekara tara da suka wuce wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ba sai na faɗi ta wace makaranta ba, suka kawo min aikin farar riga 200 na taronsu na shekara. Zanen ƙofar makaranta ne baƙi, a bayanta faɗuwar rana, ja a sama yana saukowa yana komawa ruwan ɗorawa. Laraba aka kawo, taro Asabar. Na kai wa yaron da yake fitar min da aiki a wani bizines santa, ya buɗe a CorelDraw ya raba launukan ya tura wa firintar leza a kan takardar tiresin kamar yadda muka saba, na ɗaga takardar jan na duba a hasken ƙofa na ganta sumul kamar hayaƙi, wallahi har daɗi naji nace kai yaron nan ya iya aiki. Ashe a nan aka gama dani. Fim ɗin riga, wato takardar da aka fitar da zanen a kai, in ka miƙa hannu ka kalle shi baka ga ɗigo da idonka ba, to ba naka bane, amma lokacin wa ya gaya min.

Na shafa magani a sikirin ɗin da nake buga komai da shi, mai lamba 43, ya kwana ya bushe a ɗaki mai duhu, washegari da hantsi na ɗora tiresin na danne da gilashi na fita da shi rana na ƙirga na dawo bakin famfo. Ina fesa ruwa ina ganin ikon Allah, can sama inda ja yayi kauri maganin ya zube gaba ɗaya ya zama fili fetal, can ƙasa inda ya kamata a ga 'yan ƙananan ɗigo ko ɗaya bai buɗe ba, tsakiya kuma wasu igiyoyi ne suke tafiya a karkace kamar ruwan shadda. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa Asabar nake kallo, nace ƙila in inki ya hau zai rufe, muka shimfiɗa riguna ni da yara biyu muka hau ja, sai da muka buga 36 sannan sakataren ƙungiyar ya shigo duba aiki, wani mutum mai sanyin magana, ya ciro guda ɗaya daga kan igiya ya juya ta ya sake juyawa, yace Malam wannan faɗuwar rana ce ko gobara ce ta tashi a makarantar tamu? Yaran shago suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ja ne jawur a sama, ya zo rabi ya yanke kamar an sa wuƙa, ga ratsi-ratsi a ƙasansa. Ni na biya rigunan nan daga aljihuna, da yamma na shiga Sabon Gari na sayo wasu, riba ta tafi harda ɗan ƙari.

Abin da ya fitar dani kunya a daren nan tsohuwar dabarar ogana ce wanda na koyi aiki a hannunsa, shi renbo yake ce mata. Sikirin ɗaya ka buɗe fili guda babu ɗigo ko ɗaya, ka zuba ja a gefe ɗaya ruwan ɗorawa a ɗaya gefen, kayi ta jan roba a kan tsumma baka karkata hannu ba har su haɗu a tsakiya su bada ruwan lemo da kansu, sannan ka hau riga. Tunda daga sama zuwa ƙasa launin yake sauka dole muka riƙa ja daga gefe zuwa gefe, kafaɗata sai da ta kwana uku tana ciwo. Yana da kyau ƙwarai, sai dai miƙaƙƙen shedin kawai yake yi, babu riga biyu da zasu zo iri ɗaya sak, in an ɗan jima tsakiyar ta dagule sai ka kwashe ka zuba sabo, kuma ba zai yi maka inuwar fuska ko ta kwalba ba.

Bayan sati biyu wani aiki ya kai ni Kaduna, na bi ta wajen wani dattijo da ya shekara da shekaru yana haɗa farantin buga takarda a gidan ɗab'i, da tiresin ɗin a aljihuna don abin ya tsaya min a wuya. Baba bai ce komai ba, ya jawo durowa ya ɗauko wani ɗan gilashin ƙara girma mai ƙafa, irin wanda ake ƙirga zaren yadi da shi, ya ɗora a kai yace leƙa. Na leƙa, ashe hayaƙin nan ɗigo ne reras, ƙanana kamar ƙura. Yace yaro wannan ɗigon takarda ne, firintar ce ta zaɓa da kanta tunda ba wanda ya gaya mata, ya kai layi 85 ko ya fi, mesh ɗinka, wato yadin sikirin ɗinka, lamba nawa? Nace Baba 43. Yace to ka auna gero da kwandon tumatir kazo kana tambayata ina gero ya tafi.

Lambar nan 43 da ake sa wa T a gefe, zare 43 ne a santimita ɗaya, wato kamar 110 a inci. Ƙa'idar da ya bani wadda har yau da ita nake aiki, zaren mesh a inci ya ninka layin ɗigo sau huɗu zuwa biyar. Kenan mai 43 iyakarsa layi 25 ko 27, manyan ɗigo irin na fosta da ake kallo daga tsallaken titi. In layi 45 kake so sai 77T ko 90T, wato 195 da 230 a inci, in 55 ne 90T zai ɗauka da ƙyar amma 120T mai 305 ya fi kwanciyar hankali. Dalilin a fili yake in ka zauna ka lissafa, ɗigon kashi 5 cikin ɗari a layi 85 faɗinsa bai kai 0.08 na milimita ba, kamar kaurin gashin kai, shi kuwa zaren 43T kaurinsa 0.08 ne, in ɗigo ya faɗa kan zare zaren ya shanye shi babu ta inda inki zai bi, shi yasa ƙasan rana ta bai buɗe ba. Can ɓangaren duhu kuma juyawa abin yake, ɗan guntun magani ne ya rage tsakanin ɗigo da ɗigo yana neman zare biyu ko uku ya kama, in ramin ya fishi girma ruwa na zuwa zai tafi da shi, shi yasa saman ya zama fili.

Su kuwa igiyoyin nan masu kama da ruwan shadda, muware ake ce musu, kuma duk wanda ya taɓa ninka gidan sauro ya ɗaga a haske ya gansu, raga biyu in suka hau juna sai wani zane na uku ya fito wanda babu shi a ko ɗaya. Mesh raga ce, jerin ɗigo ma raga ne. Zaren mesh a miƙe yake a tsaye da a kwance, to in ɗigo ya bi layinsu ko ya ratsa su a digiri 45, wanda shi firintocin ofis suka fi so, sai su yi karo. Masu buga takarda suna raba wa launuka huɗu kusurwa, shuɗi 15, ja 75, ruwan ɗorawa 0, baƙi 45, amma su babu zare a tsakaninsu da takarda. Mu a riga 22.5 ne ya fi zama lafiya, da yawa ma duka launukan a kan 22.5 ɗin suke barinsu. Kuma akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kafin ka shafa magani ka ɗora fim a kan mesh ka ɗaga a haske ka riƙa juya shi a hankali, zaka ga igiyoyin suna zuwa suna ɓacewa, inda suka ɓace ka sa alama da biro. Sai dai in da hannu aka ja mesh ɗin aka buga da sitefula, nan a sake can a ɗame zare ya karkace, to wani gefen zai yi lafiya wani gefen ya ƙi, wannan kuma kwamfuta bata da maganinsa.

Yanzu ga aikin da nake cewa ba wanda yake yi, kuma bai kai minti biyar ba. A Photoshop ka ware launin da za a buga shi kaɗai, ka mayar da shi baƙi da toka, a daidai girman da zai fito a riga, sannan ka shiga Mode ka zaɓi Bitmap, ka rubuta 600 ko 1200 a inda yake tambayar yawan ɗigon fitarwa, ka zaɓi Halftone Screen. Abu uku zai tambaye ka, yawan layi da kusurwa da siffar ɗigo. Ni 45 nake sawa da 22.5 da ɗigo mai siffar ƙwai, don mai murabba'i kusurwoyinsa huɗu suna haɗewa lokaci ɗaya a daidai rabi sai kaga launi yayi tsalle, mai ƙwai kuwa ta tsawo yake fara haɗewa daga baya ta faɗi. Maganar 600 ɗin ba ado bane, ka raba 600 da 45 ka ninka amsar da kanta zaka samu mataki kusan 180 daga fari zuwa baƙi, ka gwada da 150 zaka samu 11 kacal, shedin ya fito kamar matakalar bene. A kula, akwai wani Color Halftone a cikin filta, wancan kwalliya ne, da fiksel yake awo ba da layi a inci ba. Wanda bai da Photoshop akwai GIMP kyauta ne yana da Newsprint. CorelDraw ma yana da wajen sa layi da kusurwa a ɓangaren raba launi, amma sai firintar tana jin yaren firinta da ake cewa PostScript ko akwai manhajar RIP mai tsara wa firinta ɗigo irin AccuRIP a tsakani, in ba haka ba firinta abin da taga dama zata yi, kamar yadda tayi min. In ka gama kuma kar ka ƙara masa girma kar ka rage, kar a danna ya cika shafi wajen fitarwa, kar a turo shi a WhatsApp a matsayin hoto don matse shi take yi gefen ɗigo ya yi hazo, a turo a matsayin dokumen.

Fim ɗin ma ya zama baƙi ƙirin. Dabarunmu na gargajiya, ninka tiresin biyu ko shafa wa farar takarda man gyaɗa don haske ya ratsa, suna yi a manyan haruffa amma banda ɗigo, don takarda biyu ba zasu taɓa hawa juna ɗigo kan ɗigo ba, ga zafin leza yana sa tiresin ya ɗan tsuke. Fim na inkjet ya fi, mesh mai ruwan ɗorawa ma ya fi fari don baya watsa haske ya ci gefen ɗigo.

Sai kumburi, wanda shi ko ka yi komai daidai yana nan. Ɗigo in ya sauka a auduga buɗewa yake kamar ƙosai a mai, wanda ka sa kashi 50 a kwamfuta zai iya fitowa 70 ko sama a riga, in hannunka mai nauyi ne ko ka ja sau biyu ma ya wuce haka, sai kaga duk tsakiyar shedin ta yi duhu. Maganinsa ka sassauta tsakiyar tun a kwamfuta, ka yi aiki da roba mai tauri mai kaifin baki, ka ɗan ɗaga katako da kwali kamar milimita 2 ko 3 daga riga, ja ɗaya tak. Nawa zaka sassauta kuwa, ba wanda zai gaya maka sai hannunka. Ni abin da nayi, na haɗa wani tsani na akwatuna daga kashi 5, 10, 20 har zuwa 90 da 95, na ƙona shi, wato na ɗora a sikirin na nuna wa haske, na buga a ƙyalle na manna a bango, a nan na gane a shagona duk abin da bai kai 10 ba ɓacewa yake, duk abin da ya haura 85 cikewa yake. Don haka in mai zane ya kawo shedin da yake tafiya har ya ɓace a sifili ina gaya masa tun wuri cewa ƙarshensa zai ɗan yi gaɓa, ko mu ɓoye gaɓar a bayan rubutu ko wani layi. Tun ran gini tun ran zane.

In launi biyu ne kamar faɗuwar ranar nan tawa, kuskuren da yara suke yi shine su dusashe ja ya ƙare a tsakiya su dusashe ruwan ɗorawa shima ya ƙare a tsakiya, sai farin riga ya leƙo a tsakaninsu abin ya koɗe. Mai hasken ake shimfiɗawa ya cika filin, mai duhun ya hau kansa da ɗigo, ido ya haɗa ruwan lemo da kansa. Baƙar riga kuwa sai an fara sa fari a ƙasa an busar, sikirin ya ƙaru kenan kuɗi ya ƙaru, ba cuta bace in mai bugu ya faɗa maka haka. Yanayinmu ma yana da nasa, da hunturu inkin ruwa kafin ka juya ka ɗauko wata riga ya bushe a cikin ƙananan ramukan ya toshe, ƙura kuma ta zauna a gilashi ta zama ɗigon da ba kai ka sa ba, shi yasa a aikin ɗigo nafi son inkin filastisol don baya bushewa a sikirin sai ya ji zafin wajen digiri 160. Mai ƙonawa da rana saboda rashin wuta, irina a da, ya tsaya sai ta take tsaka, in ta karkata haske yana shiga ta ƙarƙashin ɗigo ya rage shi.

DTF kuwa bana gaba da shi, ni kaina in aka kawo riga goma da hoton amarya da ango can nake turawa, wa zai ƙona sikirin huɗu don riga goma. Amma a faɗi gaskiya shima ɗigo yake fesawa, ƙanana ne kawai ido baya gani, kuma wanda ya taɓa sa riga mai faffaɗan DTF a ƙirji a watan Afrilu a Kano ya san kamar leda aka manna masa, abin dariyar ma yanzu masu DTF ɗin sun fara farfasa zanensu da haftun don riga ta sha iska, sun zagayo sun dawo layinmu. In aiki ya kai riga 500 ko 1000 launi biyu ko uku, irin na lokacin siyasa, har yanzu roba ce take fitar da mutum.

Roƙona ga 'yan'uwa matasa masu zane, kafin ku danna shedin ku ɗauki waya ku tambayi mai bugun mesh ɗinsa lamba nawa, in ya ce 43 ne kawai da shi ku cire shedin ko ku yarda da manyan ɗigo, wani lokacin ma manyan sun fi kyau in da gangan aka yi su. Mu ma masu bugu mu daina karɓar aiki muna cewa ba matsala alhali ko gilashin duba ɗigo bamu da shi. Akwai sashen koyar da ɗab'i a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai CIPPON ta ƙwararrun masu ɗab'i da doka ta kafa a 2007, da zasu taimaka da bitar kwana biyu da Hausa ga masu ƙananan shaguna da ni zan fara rubuta suna. Shi kuma matashin da kuka yi hira da shi, don Allah Malam Edita in kuna da hanyar samunsa a gaya masa ya zo da zanen da ya fi ji da shi, riga da inki nawa ne.

Rigunan nan 36 yaran shago sun cinye su da aiki, wasu sun zama tsumman goge roba, saura guda ɗaya tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Har yau Gobara muke ce mata, sakataren ma in ya kawo aiki sai ya leƙa bayan ƙofar ya gaishe ta.

Naka,
Mai buga riguna, daga Fagge, Kano